Sitiyari a Hagu, Miya a Dama

Ranar Juma'a da ƙarfe biyu da rabi, bayan an sauko daga masallaci, Abdulsalami Jumare ya zauna a wani shagon shayi a Wilmslow Road da ke Manchester, ya sanar da mutanen teburin cewa ya gano abin da ke damun tuƙinsa a Ingila.

"Ba ni ba ne," in ji shi. "Kujerar ce."

Duk Bahaushen da ke unguwar Rusholme ya san tuƙin Abdulsalami. Tun da ya zo karatun digiri na uku ya karya madubi a jikin bas, ya karya wani a jikin katanga, ya kuma taɓa bin shataletale ta baya har wata tsohuwa a kan keke ta tsaya ta yi masa wa'azi. Amma in shi ne ke ba da labari, ya taɓa tuƙi daga Zariya zuwa Legas bai taka birki ba sai a Jebba, shi ma don ya sayi burodi.

Uba, abokinsa mai karatun haɗa magunguna, ya ce, "Kujerar ce ta hau pavement ɗin masu tafiya a ƙafa ranar Sallah?"

"Ka saurara ka ƙaru. A gida ina direba yake zama? Hagu. A nan sun ɗauki sitiyari sun kai shi kujerar fasinja. Tun da na zo ƙasar nan a mazaunin ɗan rakiya nake tuƙi. Ta ina hannuna zai nuna kansa?"

Ya zaro waya ya ajiye a tsakiyar tebur. Ya ce ya samo magani a wani gareji a bayan gari, inda ake sayar da irin manyan motocin nan na Amurka masu faɗin ƙirji da ake kira muscle car. Guda uku mai garejin ya nuna masa. Ta farko injinta ƙarami ne, kujerunta laushi, ba ta shan mai, sitiyarinta a dama, kuma mai garejin ya ce in don zirga-zirgar yau da kullum ce ita ce daidai. Abdulsalami ya ce shi ya sa ba ya son ta. Ta biyu silinda shida gare ta, da but mai ɗan zurfi. Ya ce wannan mota ce mai shakka, ba ta yanke shawarar abin da take son zama ba. Ta uku an shigo da ita kai tsaye daga Amurka. Ja ce wur, silinda takwas, an rage mata tsayi har cikinta na neman shafar ƙasa, an sa mata shokozoba mai tauri irin na filin tsere, da wani jan maɓalli kusa da giya wanda mai garejin ya roƙe shi kada ya taɓa. Sitiyarinta a hagu.

"Ƙofa nawa?" in ji Uba.

"Biyu."

"Ku nawa ne a gida?"

"Uku."

"To wa zai riƙa shiga ta salansa?"

"Akwai kujera a baya."

"Na gan ta a hoto. Wannan ai wurin ajiye hula ne. Kuma daily driving za ka yi da ita? A Wilmslow Road ɗin da mai sanda ke riga mota isa uni?"

"Uba, matsalarka ita ce tunaninka na mai bus pass ne."

Motar gidan Abdulsalami wata tsohuwa ce mai kujera bakwai, launin toka, wadda kowa ke kira Jaka. Sunansa ne a takardunta, amma matarsa Raki ce ke tuƙa ta, ba ta kuma taɓa goga ta a jikin komai ba. A shekarar ne council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar renon yara inda Raki ke aiki, kamar yadda ta rufe laburaren unguwa, ta kuma daina cike ramukan titi. Raki ba ta zauna kuka ba. Ta sayi manyan tukwane ta fara dafa abincin biki, Jaka na kai mata. Yanzu kuma babban aiki ya zo mata karo na farko: walimar suna a Handsworth da ke Birmingham, a gidan Hajiya Sherifatu, wata Bahaushiyar Kumasi wadda in ta ce hannun mace ya iya miya, duk bikin 'yan Gana a Birmingham ya zama nata, in kuwa ta taɓe baki, sai dai matar ta nemi wata sana'a.

Ranar Talata Abdulsalami ya ce zai kai Jaka MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Da la'asar aka ji wata tsawa daga bakin layi. Tagogi suka yi rawa, ƙararrawar motocin maƙwabta ta tashi ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciyarsu Rebecca ta fito da kyanwarta a hannu tana tambaya ko gas ne ya fashe. Abdulsalami ya faka, ya buɗe doguwar ƙofa da ƙarfi, ta ture kwandunan shara da ba a kwashe ba tun wancan makon, ya fito a cikin ɓawon dankali yana murmushi.

"Raki, zo ki gaida Bajimi."

Raki ta zagaya motar sau ɗaya. Ta buɗe but ta leƙa. Ta koma ciki ta ɗauko babbar tukunyarta ta gwada ta tsaye, ta gwada ta a kwance, ta gwada ta a karkace. Bakin but ɗin bai karɓe ta ba.

"Baban Aisha, ina Jaka?"

"Ta yi ritaya."

"Ranar Asabar ina da sunan Handsworth."

"Na sani. Da Jaka sai miya ta huce a hanya. Da Bajimi za mu isa tana tafasa."

Washegari ya kai Bajimi jami'a. A ƙofar wurin fakin, na'urar da ke ba da tikiti tana dama, shi kuma yana hagu. Ya miƙa hannu bai kai ba. Ya kwance bel ya kwanta a kan giya, ƙafarsa ta zame daga birki, motar ta yi gurnani, ɗalibai suka watse. Daga ƙarshe ya fito ya zagaya ya danna, sandar tare ƙofa ta ɗaga, kafin ya zagayo ya zauna ta sauka. Haka suka yi ta yi shi da sandar har layin motoci ya kai titi. Ranar Alhamis dai Raki ta nemi babbar muciyarta ta rasa, sai da ta aro wata.

Ranar Asabar da hantsi aka fara lodi. Aka bar 'yarsu Aishatu wurin Rebecca. But ya ɗauki kular masa ɗaya ya ce ya ƙoshi. Raki ta shiga baya ta naɗe kamar tabarma, aka jera mata kulolin tuwon shinkafa a dama da hagu, robobi a ƙarƙashin ƙafa, jarkar zobo a ƙirji, har ba a ganin komai nata sai ƙullin ɗankwali. Daga nan ta hango muciyarta a gefen kujerar direba, an liƙa mata cingam a kai.

"Me muciyata take yi a nan?"

"Da ita nake karɓar tikiti. Ai ƙirƙira ce."

Saura babbar tukunyar miyar taushe, saura kuma Baba Osmanu. Shi ne yayan Hajiya Sherifatu, dattijo mai shekara saba'in da wani abu da ke zaune a Manchester, kuma sunansa aka sa wa jaririn, don haka ba za a fara walima ba sai ya iso. Ya zo cikin farar babbar riga da aka yi wa guga har tana ƙara. Ya dubi motar, ya dubi Abdulsalami.

"Bazazzage, wannan ta hawa ce ko ta kwanciya?"

"Baba, yau za ka san ka shiga mota."

Aka zaunar da Baba a kujerar dama, aka shimfiɗa masa tawul, aka ɗora masa tukunya a cinya, aka ɗaure murfin da tsohon gyale. Raki ta ce daga cikin kuloli, "Baba, don Allah ka riƙe hannuwanta biyu, kada ka saki."

Ba su bar layinsu ba suka tarar da tudun rage gudu na farko. Bajimi da kaya ya ƙara yin ƙasa. Cikinsa ya taɓa tudun da wata ƙara irin ta wasa wuƙa, ya tsaya. Abdulsalami ya ce ƙaramin abu ne, nauyi ne kawai. Aka sauke Baba da tukunya, aka zaro kuloli, aka zaro Raki, motar ta haye a karkace, aka mayar da Raki, aka mayar da kuloli, aka mayar da Baba da tukunya. Ɗan gaba kaɗan ga wani tudun. A na uku mutanen layin suka fito da kofunan shayi suna kallo. A na huɗu wani mai shago ya fara taya su ɗauka ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa ya ga ƙaura iri-iri amma bai taɓa ganin wadda ake yi taki-taki ba.

Da suka hau babban titi sai ramuka suka karɓe su. Shokozoban filin tsere ba ya yafe ko tsakuwa. Kowane rami sai Baba ya tashi sama da tukunyarsa ya dawo, haƙoransa na haɗuwa, zobo kuma ya fara kumfa yana huci ta gefen murfi.

"Ka ji yadda take riƙe titi?" in ji Abdulsalami.

"Ina jin titin a ƙashin bayana," in ji Baba.

Suka tarar da wata motar kaya tana tafiya a hankali. Daga kujerar hagu Abdulsalami ba ya ganin komai sai bayanta. Wanda ke ganin abin da ke tahowa shi ne Baba, wanda motoci ke wucewa dab da kafaɗarsa.

"Baba, akwai mota?"

"Akwai."

"Kusa ko nesa?"

"Allah ne ya sani. Tururin miya ya rufe min tabarau."

"To goge mana!"

"An ce kada in saki."

A kan babbar hanyar M6 abubuwa suka ɗan lafa, in ban da tsayawa shan mai da Bajimi ke nema kamar mai ciwon suga. Ɗumin tukunya da gurnanin inji suka taru a kan Baba, barci ya ɗauke shi. Wata mata a motar da ke gefensu ta waiga, ta ga dattijo a mazaunin da ta sani na direba ne, kansa a baya, bakinsa buɗe, hannuwansa biyu riƙe da wani abu mai zagaye, mota kuma na sheƙa gudu. Ta yi ta danna hon. Abdulsalami ya ɗaga mata hannu yana murmushi, ya ce, "Kun gani? Har Turawa sun san mota."

Ba a jima ba shuɗiyar fitila ta bayyana a bayansu. Abdulsalami ya tsaya a gefe, ya gyara hula, ya jingina ƙirjinsa a kan sitiyari don ya fito da kyau, babbar rigarsa ta rufe shi ruf. Ɗan sanda ya zo ta tagar hagu saboda motocin da ke wucewa, ya sunkuya, ya ce wa Abdulsalami da ladabi ya ɗan ja baya, da direba yake son magana.

"I am the driver!"

"In a minute, sir."

Ɗan sandan ya ɗaga murya ya tashi Baba. Da Turanci ya tambaye shi ko yana da lasisi.

"Never, my son," in ji Baba. "Ban taɓa yi ba tun da aka haife ni."

"Tun daga ina kake riƙe da wannan?"

"Tun daga Manchester. Ni dai an ce in riƙe, kada in saki."

"Ka san barci kake yi?"

"Kaɗan ne. Ai ba ta zube ba."

Ɗan sandan ya dubi jan ruwan da ke gangarowa daga baya, ya kira abokiyar aikinsa. Abdulsalami, da zuciya ta kawo masa wuya, ya yaye riga daga kan sitiyari kamar mai buɗe sabon gini. 'Yan sandan suka dubi sitiyari, suka dubi tukunya, suka sake duban sitiyari. Macen ta koma bayan mota ta dafa but, kafaɗunta na rawa don dariya.

Sai wata murya ta fito daga cikin kuloli. "Officer, in za ku tafi da shi, don Allah ku bar min makullin."

Ɗan sandan ya yi tsalle baya. Sai da aka ɗaga jarka ya tabbatar da mutum ce. Suka duba takardu, komai daidai. Suka roƙi Baba ya bar idonsa a buɗe saboda lafiyar sauran masu tuƙi, suka sallame su.

"Kun ga yadda suka tsaya kallonta?" in ji Abdulsalami da suka hau hanya. "Ba don aiki ba da sun nemi hoto."

Wayar Raki ta yi ta ƙara a wani wuri da hannunta ba ya kaiwa. Kowa a motar ya san Hajiya Sherifatu ce, an kuma san azahar ta wuce.

Suka sauka daga babbar hanya suka shiga Handsworth. A nan ne maganin Abdulsalami ya fara aiki. Yana zaune a hagu, ga shaguna, ga masu sayar da doya da barkono, ga mata da atamfa, sai jikinsa ya gaya masa a Sabon Garin Zariya yake. Ya karya kwana ya bi hannun dama cikin natsuwa, gwiwar hannu a taga.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Sai yanzu na samu sauƙi. Motoci sun daina zuwa min a fuska."

"Ai na gaya maka sai hannuna ya zauna."

"Baban Aisha," in ji Raki, "me ya sa nake ganin gaban bas ta tsakanin kuloli?"

Bas ce mai hawa biyu. Ta ja birki, Bajimi ya ja birki, suka tsaya hanci da hanci. Direban bas ya buɗe taga ya fara yi wa Baba faɗa. Baba ya ɗaga masa tukunya ya gani. Fasinjojin sama suka ciro wayoyi. Abdulsalami ya ce laifin bas ne da ta cika faɗi, ya ja da baya, ya hau gefen titi, ya sauko, ya faɗa layin Hajiya Sherifatu da taimakon Allah.

Layi ne siriri, gidaje manne da juna, motoci a fake dama da hagu. Can gaba, ƙofar gidan suna cike take da mutane: maza da manyan riguna, mata da leshi, Uba ma yana ciki, don shi jirgin ƙasa ya hau ya iso tun da safe. Daidai ƙofar gidan kuma akwai tudun rage gudu, mafi girman duk wanda suka gani a ranar.

"Tsaya mu sauka," in ji Raki.

"A gaban mutane? A zaro ki kamar katifa Uba na kallo? Ba za a yi ba."

"To me za ka yi?"

"Lissafi ne. A hankali ne take maƙalewa. Da gudu sama za ta bi."

"Bazazzage," in ji Baba, "ni takwara na zo gani, ba Lahira ba."

Abdulsalami ya danna jan maɓallin. Bajimi ya yi wata ƙara da ta sa tattabarun layin suka tashi gaba ɗaya. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya rufe gidaje biyu, sa'an nan motar ta zabura. Gabanta ya bi sama kamar yadda lissafi ya ce. Sauran jikinta bai samu labari ba. Ta faɗo da ciki a kan tudun, ta zauna daram, tayoyin baya na juyawa a iska, tana lilo gaba da baya. Gyalen da ya ɗaure murfi ya tsinke. Miyar taushe ta tashi ta gaida rufin mota, ta dawo kan Baba Osmanu.

Layin ya yi tsit, sai murfin tukunya da ya fita ta taga yana gangarawa har ya kwanta a gaban takalmin Uba. Uba ya ɗauka ya leƙo.

"Sarkin tuƙi, sitiyarinka ya faɗi."

"Ku matsa," in ji Abdulsalami. "Yanzu za ta sauka."

Ya zaro muciya ya fitar ta taga, ya dafa ta a kwalta yana turawa kamar mai tuƙa kwalekwale. Motar ta juya kaɗan a kan cikinta, hancinta ya dubi ƙofar gidan suna, ta tsaya. Yara suka yi tafi. Wata bas da aka karkato da ita ta layin saboda gyaran hanya ta iso baya ta tsaya, wata ta tsaya a bayanta.

Hajiya Sherifatu ta fito. Doguwa ce, mai tabarau a kan hanci, ba ta sauri. Aka buɗe wa Baba ƙofa ya fito a hankali, har yanzu yana riƙe da tukunya da hannu biyu, farar rigarsa ta koma ruwan kabewa daga wuya zuwa gwiwa, ganyen alayyafo a gemunsa.

"Yaya! Jini ne?"

"Taushe ne."

Hajiya ta matso. Ta sa yatsu biyu a aljihun gaban rigarsa, inda miya ta taru, ta ciro tsokar nama ta sa a baki. Ta tauna. Ba wanda ya yi motsi, har direban bas.

"Wa ya yi wannan?"

Maza biyu suka zaro kuloli, sa'an nan suka zaro Raki. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗankwali, ta karɓe muciyarta daga hannun mijinta ba tare da ta dube shi ba, ta durƙusa.

"Ni ce, Hajiya. A yi haƙuri da lattin."

"Me kika sa bayan gyaɗa?"

"'Yar yakuwa, Hajiya."

"Hm. To yanzu me mutanena za su ci? Rigar Yaya?"

"Wannan ragowa ce, Hajiya. Ainihin miyar na cikin robobin da na taka da ƙafata tun daga Manchester. Na san wanda na aura."

Hajiya ta dubi robobin da ake fitowa da su, ko ɗigo bai fita ba. Ta dubi Abdulsalami, wanda ke bayyana wa direban bas cewa a Amurka ba a gina tudu haka.

"Wata mai zuwa akwai bikin 'yar ƙanwata a Sparkhill," in ji ta. "Ke za ki dafa. Amma in na ga wancan a bayan sitiyari, ko na keke ne, na fasa."

Aka ba Baba aron riga, aka kawo masa takwaransa, aka ci tuwo har aka suɗe robobi. Bajimi ya kwana biyu a kan tudun, yaran layi na hawa suna lilo, sai ranar Litinin janwe ya zo ya ɗauke shi. Mai garejin ya karɓe shi, ya dawo da Jaka da aka ba shi musaya, wadda ba wanda ya taya.

Ranar bikin Sparkhill Jaka ta tashi daga Rusholme da hantsi, ta isa kafin azahar. Raki ce ta tuƙa. Abdulsalami yana kujerar hagu, da tukunya a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu.